Tsohuwar motata ta Ingila

Kai mai karatu, in ka haura shekara 40, lalle ka san motar da ake kira Land Rover. Mutanenmu suna ce mata Landiroba. Ita ce motar nan mai kusurwa huɗu kamar akwati, mai ɗauke da ƙafa guda bisa murfin inji. A da, in aka ji rurinta a bakin gari, an san ko masu lamba ne suka zo, ko malaman gona, ko jandarmomi. Yara su bi ta da gudu, suna shan ƙura. Yau ba ka ganin ta sai jefi-jefi. Ni na mallaki guda, na tuƙa ta shekara 9. Bari in ba ka labarinta.

A ƙasar Ingila aka ƙera ta, a wani gari mai suna Solihull, kusa da birnin Birmingham. An fara nuna ta ga jama'a a shekarar 1948, bayan yaƙin duniya na biyu. Mutumin da ya tsara ta, Maurice Wilks, yana da gona. Abin da yake so shi ne motar manomi, wadda za ta shiga gona, ta ja kaya, ta kuma hau hanya. A lokacin baƙin ƙarfe ya yi wuya a Ingila. Sai suka yi jikin motar da alminiyam, wato irin farin ƙarfen nan da ake zuba tukwanen miya da shi a kasuwanninmu. Shi ya sa jikinta ba ya tsatsa. Ya lotse, ya kankare, fenti ya tashi, amma ba ya ruɓewa.

Tawa doguwa ce, ƙirar 1978. Ta girme ni da shekara 2. Na saye ta a Maraɗi a 2009, jika 800, bayan na sayar da babur ɗina da bijimi guda, na kuma ci bashin adashi. Aikina yana kai ni ƙauyukan arewacin Mayahi, kuma ka san yashin Gulbin Kaba ba ya wasa da babur. Ran da na kawo ta gida, uwargida ta kewaye ta sau biyu, ta ce: «Malam, wanga akwatin ka sayo da kuɗin bijiminmu?» Bayan wata guda, ita ce mai fara shiga gaba in za mu biki.

In ka buɗe murfin injinta, kana ganin kome da idonka. Ga batir, ga tukunyar ruwa, ga inda isansi ke bi, ga wayoyi huɗu masu kai wuta. Akwai fili har ka zura hannu ka taɓa duk abin da kake so. Tankin mai yana ƙarƙashin kujerar gaba, lita 45 yake ci. Ba ta da na'urar sanyi. A ƙarƙashin gilashin gaba akwai ƴan ƙofofi biyu. Ka ɗaga su, iska ta shigo maka, da ƙurarta da fararinta duka. In batir ya mutu, ba sai an tara masu turi ba. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaba, ka juya shi da ƙarfi, inji ya tashi. Sai dai ka kula da babban yatsanka, don ƙarfen yakan yi harbi kamar jaki.

Amma abin da na fi ƙauna shi ne sanduna biyu da ke ƙasa, kusa da ƙafar direba. Ɗaya mai rawayan kai, ɗaya mai jan kai. A kan gudro, ƙafafun baya kaɗai ke tura motar. In ka shiga yashi, ka danna mai rawayan kai, sai ƙafafu huɗu duka su kama aiki. In yashin ya yi zurfi, ko kana hawan tudu da kaya, ka tsaya, ka jawo mai jan kai baya. Nan motar za ta rage gudu, ta ƙara ƙarfi. Tana tafiya kamar san shanu, sannu sannu, amma ba ta tsayawa. Ka ɗan rage iskar ƙafafu, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka bar ta ta yi aikinta. Sau da yawa na wuce motoci masu ƙyalli sun nutse har ciki, na ɗaura igiya na jawo su.

Kada ka ɗauka ba ta da wahala. Ta tsufa, kuma tsufa ba ya ɓuya. Duk inda ta kwana, sai ka ga ɗigon baƙin mai a ƙasa. Tana shan isansi ƙwarai: lita 16 ko fiye cikin kilomita 100. Gudunta in ya kai 80, sai kome ya kama rawa, ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Kujerarta kuwa, in ka yi wuni bisa kanta, bayanka zai ba ka labari da dare.

Ga kuma wata matsala da ba kowa ya sani ba. Bakaniken ƙasarmu ya saba da Peugeot da sauran motocin Faransa, masu awon milimita. Mafi yawan notocin motata kuwa da awon inci na Ingilishi aka yi su. Kile 13 ya yi mata ɗan yawa, kile 12 ya yi kaɗan. Sai da na aika Kano aka sayo mini nata, waɗanda can ake ce wa sifana. Na ɗinka musu jaka ta fata, ba na ba kowa aro.

Wata damina, a 2013, na kwana a wani ƙauye. Cikin dare aka buga mini ƙofa. Wani dattijo ne, ya ce: «Mushe, ka taimaka, ɗiyata ce ke naƙuda tun jiya, abin ya ƙi.» Muka shimfiɗa tabarma da katifa a bayan mota. Ita da uwarta da ungozoma suka shiga, dattijon ya zauna gaba. Asibitin Mayahi yana da nisan kilomita 30 da wani abu. Mun ci rabin hanya, muna hawan wani tudu, sai na ji ƙas! Inji yana ruri, mota ba ta motsi. Ƙarfen da ke juya ƙafar baya ne ya karye, bayan shekara 35 yana aiki.

Dattijon ya dube ni, bai ce kome ba. Na ce: «Baba, riƙe mini cocila.» Na kwanta ƙarƙashin mota cikin jiƙaƙƙen yashi. Na kwance noti 8, na cire dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa baya. Na danna sanda mai rawayan kai. Ƙafafun gaba suka ja mu su kaɗai, muna tafiya kamar mai ɗingishi. Mun isa ana kiran assalatu. Da hantsi aka haifi ɗiya mace, uwa da ɗiya lafiya lau. Yarinyar nan yanzu ta isa kai wa babanta fura gona.

To, me ya sa irin motar nan ta ɓace daga hanyoyinmu? Tun cikin shekarun 1980 motocin Japan, musamman Toyota, suka fara karɓe wurinta. Sun fi ta gudu, sun fi ta daɗin zama, kayan gyaransu kuma suna ko'ina. Ingilishi sun daina yin irin tawa a 1985. Ƙanwarta mai kama da ita, wadda daga 1990 aka sa wa suna Defender, an daina ƙera ta a Solihull a watan Janairu na 2016. Akwai sabuwa mai wannan suna, amma wata mota ce dabam, cike da kwamfuta. In ta lalace, sai an jona mata na'ura kafin a san ciwonta. Tawa kuwa, maƙerin ƙauye ya taɓa gyara mata maƙalar ƙofa da guduma da zuga-zugi, na biya shi dala 100.

A 2018 na sayar da ita. Kayan gyara sun yi wuya, isansi ya yi tsada, yara kuma sun girma, lakwal tana cin kuɗi. Mutum biyu suka taya. Na farko mai zuba tukwane ne. Ya ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, ya ƙwanƙwasa rufi, yana lissafin tukunya nawa za su fita. Shi ya fi ba da kuɗi, da jika 40. Na biyu wani saurayi ne mai kai kaya kasuwannin ƙauye. Shi ya buɗe murfin inji, ya sa kunne, ya ce in bar shi ya ɗan zagaya da ita. Shi na sallama wa. Uwargida ta yi kwana biyu tana yi mini maganar jika 40 ɗin nan.

Na haɗa masa da jakar kile, na nuna masa yadda ake riƙe ƙarfen tada inji. Ranar kasuwar Mayahi, wani lokaci nakan gan ta ta shigo da buhunan wake har bisa rufi, da awaki biyu ɗaure a baya. Ya sake mata fenti shuɗi, ya kuma rubuta sunan uwarsa a ƙofa.