Addu'ar Inna a Kan Hanya

Mahaifiyata, Allah ya ba ta hutawa, ba ta iya tafiya shiru ba. Ko rijiya za ta, ko gona, ko kasuwar Karakara, da zarar ta ƙetare dangar gida sai leɓɓanta su soma motsi. Wanda bai san ta ba zai ɗauka mita take yi, ko lissafin kuɗin cefane. Addu'a take yi. Duk abin da idonta ya faɗa a kai, shi take ɗauka ta kai gaban Ubangiji. In ta wuce gona, ta roƙa wa mai gonar damina mai albarka, ko da kuwa jiya sun yi cacar baki a kan iyaka. In ta wuce gidan da aka yi haihuwa, ta ambaci mai jego. In rugar Fulani ce, ta ambaci shanu da yaran da ke kiwonsu. Muna yara abin yana ba mu kunya, mukan ja da baya don kada a ce tare muke.

Ƙauyenmu ƴar tunga ce a ƙasar Zabori, wadda a lokacin ke ƙarƙashin Gaya, kafin a yanke Junju ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Gidajen masu bin Almasihu a wurin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Mahaifina ya karɓi bishara ne wajen cin rani, ya dawo da ita gida tare da Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohuwar fassarar nan ta 1932, wanda shi kaɗai ya iya karantawa. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, suka zauna Tsibiri, suka buɗe likitar Galmi a 1950, amma mu duk waɗannan labarinsu kawai muke ji. Majami'armu inuwar gawo ce. Inna ba ta taɓa shiga lakwal ba, ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Abin da ta ji an karanta ranar Lahadi shi take juyawa a bakinta mako guda, tana tafe tana haɗa shi da abin da ta gani a hanya.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a bazarar 1985, ina da shekara 12. Malamai ƴan'uwana da suka kai shekaruna ba sa bukatar in tuna musu wannan shekara. Daminar 1984 ta ƙi, rumbuna suka zama wayam tun kafin sanyi ya wuce, ga shi Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya tun watan Afrilu na 1984, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. Mu da Kangiwa ta fi mana Doso kusa a zuciya da a ƙafa, rufe iyakar nan kamar an toshe mana maƙogwaro ne. Mahaifina yana can wancan ƙetare, ba saƙo ba labari. Cikin wannan hali baƙon dauro ya shigo tungarmu, ya kama autarmu, yarinya ƴar shekara biyu.

Kwana huɗu ana jiƙe-jiƙe. Ran na biyar numfashinta ya sake, Inna ta ce za ta kai ta wata ƙaramar likita ta ƴan mishan da ke arewa maso gabas da mu, tafiyar dare guda ga mai sauri. Jakinmu an sayar tun da kaka. Da rana ta yi sanyi ta goya yarinyar, ta dube ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

"Kai, yaro, ɗauko gora ka biyo ni."

Farkon tafiyar na san shi kamar tafin hannuna: rairayi, kututturen karan gero, sabara da kalgo, can nesa kawunan giginya wajen fadama. Inna na gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. A wannan dare na fara sauraren abin da take faɗi da kunnen basira, domin babu wani sauti sai shi da takunmu. Na yi zaton Auta kaɗai za ta ambata. Ta ambace ta, amma sai muka ratsa wata tunga da mutanenta suka watse saboda yunwa, ƙofofi a tokare da ƙaya, na ji tana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya tana roƙon a komo da masu su lafiya. Raina ya ɓaci. A zuciyata na ce, mu da namu ke mutuwa a baya, ina ruwanmu da waɗanda suka tafi?

Wajen tsakar dare muka iso mararraba. Hanya ta rabu biyu a gindin wata tsohuwar kuka, ɗaya ta yi hagu cikin kwari, ɗaya ta haura dama wajen tudu. Inna sau ɗaya ta taɓa bin hanyar, shi ma da rana, cikin ayarin mata. An ce matambayi ba ya ɓata, to, wa za a tambaya? Ta tsaya, ta gyara goyo, ta ce a fili, kamar mai magana da wanda ke tsaye kusa da ita:

"Ubangiji, ga mu a mararraba. Ni ban san hanya ba, kai ka sani. Inda ka sa ƙafata, nan zan bi."

Ta yi shiru kamar na ɗan lokacin da ake ɗauka a sha ruwa. Sa'an nan ta bi dama.

Ba ita ce hanyar ba. Ta haura da mu kan fako, inda ƙasa ke da tauri, sawu ba ya kamawa, ta kuma rarrabu ta zama turakun shanu barkatai. Wata ya faɗi. Muka yi ta zagaye cikin geza da duwatsu, ruwan gora ya ƙare, takalmina ya tsinke na riƙe shi a hannu. Inna ba ta daina addu'a ba, sai dai kalmomin sun ragu, suka koma biyu ko uku da take maimaitawa. Da asuba muka ji kiran salla daga gefen da ba mu zata ba, muka bi muryar har muka faɗa wata tunga mai gida bakwai ko takwas. Wanda ya yi kiran sallar, wani dattijo ne malami, ya gan mu ya ajiye buta.

"Baiwar Allah, daga ina cikin wannan dare?"

Matarsa ta kwance goyon, ta shimfiɗa tabarma, aka dama ɗan kunun da ban san inda suka samo garinsa ba a irin wannan shekara. Malam ya aiki ɗansa neman amalanken shanu a tunga ta gaba. Kafin amalanke ya iso, da hantsi, Auta ta cika.

Abin da ya biyo baya shi ne na fi tunawa filla-filla. Malam ya tambayi Inna inda za a kai gawa, ta ce gida ya yi nisa, rana kuma ta yi zafi. Sai ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba: "Malam, kada in ɓoye maka, mu masu bin Yesu Almasihu ne." Ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da farin ƙyalle sabo, wanda na gane daga baya likkafanin da ya tanada wa kansa ne, ya yage abin da zai isa yarinya. Shi da ƴaƴansa suka haƙa kabari a gefen maƙabartarsu, ɗan nesa kaɗan da sauran, gindin wata aduwa. Bai yi mata salla ba, Inna kuma ba ta nema ba. Suka koma gefe suka tsaya, ita ta yi addu'a irin tamu, ni na ce amin. Da la'asar ɗansa ya raka mu har gindin kukar nan, ya nuna mana hanyar hagu da baki, ya ce da nan muka bi da mun isa likita kafin gari ya waye.

A hanyar komowa Inna ta ci gaba da addu'arta, zanen goyo a ninke bisa kai. Ta ƙara gidan Malam cikin waɗanda take ambata, ba ta kuma fitar da shi ba har ta rasu a 2009. Kowace kaka takan auna gero ta aika musu.

Ni kuwa na riƙe maganar mararrabar nan shekaru. Da na shiga makarantar horon malamai ta Doso na sami taswira na auna hanyoyin biyu da zare, kamar aunawar za ta sake wani abu. Na karanta labarin Ibrahim da aka ce ya tashi ba tare da an gaya masa inda za shi ba, da na Isra'ilawa da girgije ya yi wa jagora amma suka shekara arba'in a jeji, ban sami sanyi ba. Waɗannan sun isa wani wuri, mu kabari muka isa. Sau ɗaya tak na yi ƙarfin halin tambayarta, ina hutu, tana sussukar gero.

"Inna, ran nan kin roƙi hanya, aka ba ki wadda ba ita ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai ka san ranar da aka rubuta mata? In a hanyar kwari ta cika, wa zai ba mu likkafani? Da kai da ni za mu tona ƙasa da hannu." Ta ci gaba da aikinta. Amsar ba ta gamsar da ni ba a ranar, yau ma ba zan ce ta gamsar da ni sarai ba, domin har yanzu ina ganin allura ɗaya da asuba tana iya tsayar da abin. Sai dai na lura ita ba ta taɓa ɗaukar jagorar Ubangiji a matsayin alkawarin gajeriyar hanya ba. Kakanninta sun ga fataken goro masu ratsa Dandi zuwa Gwanja. Ta san aikin jagaba shi ne ya shige gaban ayari ya nemo zango, ayari kuwa yakan yi asara ko da jagabansa gwani ne.

Abin da ya tono mini wannan duka shi ne wata muhawara da aka yi a ikilisiyar garin da nake koyarwa, a 2016. Wani saurayi mai himma ya dawo daga wani taron horo da abin da ya kira tafiyar addu'a. Ya bayyana mana cewa a Ingila aka soma macin Yesu cikin birnin Landan a 1987, cewa Steve Hawthorne da Graham Kendrick sun rubuta littafi a kan yin addu'a ana tafe a 1993, abin kuma ya bazu duniya. Har nan babu laifi. Zuwa da kai ya fi saƙo, wanda ya ga rijiyar da ta ƙafe da idonsa ya fi mai zaune a ɗaki sanin abin da zai roƙa. Amma shirin nasa shi ne mu fita ƙungiya, mu kewaye kasuwa da masallacin Juma'a da gidan mai gari, mu tsaya a kusurwa huɗu mu "ƙwace garin" daga hannun iskoki, kamar yadda aka kewaye Yariko.

Shekara ɗaya ke nan da abin da ya faru ran 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai kan zanen jaridar Charlie Hebdo, mutum 10 suka mutu, majami'u 45 suka ƙone a Yamai kaɗai. Mu da ba mu cika kashi 1 cikin 100 na ƴan ƙasa ba, tsoro yana cikin abin da ya sa dattawa suka ƙi, ba zan ɓoye ba. Amma ni ba tsoro ne ya tashe ni tsaye ba. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san sunan mutumin da ke kewaya gidan wani yana motsa baki yana tsayawa a kusurwa: mai sammu ne, ko mai binne layu. Maƙwabcinka ba zai ga ƙauna a ciki ba, kuma yana da gaskiya, domin wanda ka fito ka ƙwace wa gari ka riga ka mai da shi abokin gaba. Na ce musu lokacin da Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, abin da ya umarce su shi ne su yi wa gida sallama, su ci abin da aka ba su. Baƙi ya aike su, masu bukatar masauki. Sa'an nan na ba su labarin daren 1985, karo na farko da na faɗe shi a bainar jama'a. Ina cikin faɗi na ji ina kāre matar da na shekara talatin ina tuhuma.

Ba a yi kewayen ba. Abin da aka tsaya a kai ƙarami ne: kowa ya yi addu'a a hanyar da ya saba bi, shi kaɗai ko su biyu, ya gai da wanda ya tarar, in an tambaye shi ya faɗi gaskiya. Saurayin ya ji haushi, ya ce mun mai da wuta toka. Wataƙila akwai gaskiya a maganarsa. Ni dai tun daga lokacin nake yin tawa tsakanin gida da lakwal, ina wuce mai shayi da masu faci da ɗaliban da ke jiran a buɗe ƙofa, bakina a rufe don ban gaji ƙarfin halin Inna ba. Tun da aka fara kai wa bututun mai hari a yankinmu a 2024, ƴan bindiga kuma suka yawaita a bakin iyaka, ba mai hankalin da zai goya yaro ya ratsa dajin nan da dare.

Zuwana na ƙarshe tungar Malam a 2019 ne, bayan girbi. Ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni, muka iso gindin kukar, wadda reshe ɗaya ya karye, na ce ya tsaya in sauka. Ya ce akwai saura, na ce na sani. Na haura tudun da ƙafa, da buhun gero ƙarami a kafaɗa. Da rana tsaka hanyar a fili take, har na yi mamakin inda muka ɓata. Malam ya daɗe da rasuwa. Ɗan nasa da ya raka mu, yanzu da furfura, shi ya tarbe ni, muka gaisa, ya yi mini ta'aziyyar tsohuwa kamar jiya ta rasu. Ya kai ni gindin aduwar. An jera duwatsu a kewaye, an ɗora sabuwar ƙaya saboda awaki.

"Baba ne ya bar wasiyya," in ji shi. "Ya ce amanar baƙuwa ce."