Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Dambatta: Sakatariya Ta Matso, Ikon Bai Iso Ba

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Dambatta, na shiga mota a Ƙofar Ruwa da sassafe. Kaka ta yi, iska ta fara bushewa. Kafin yaron mota ya gama karɓar kuɗi mun bar Dala, mun gifta Bachirawa ta Ungogo, mun iso Dawanau. Gida na jingine da gida, shago na bin shago, babu abin da zai nuna maka ka fita daga wata ƙaramar hukuma ka shiga wata. A takarda, ƙananan hukumomi takwas ake lissafawa a birni da kewaye: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Amma Dawanau, kasuwar hatsin da manyan motoci ke lodi zuwa Nijar da Chadi da Kudu, a ƙasar Dawakin Tofa take. Birni ya daɗe da tsallake iyakar da aka shata masa.

Da muka ɗauki hanyar Daura sai gine-gine suka ja baya, gonaki suka karɓa. Wannan ƙasa ba ta san hutu ba. Babu daji, babu saura. Gona na ƙarewa wata na farawa, layin gamba ne kawai a tsakani. An karya gero, dawa ta sunkuyar da kai, harawar wake da ta gyaɗa na shanye a kan rassan bishiya. Gawo da kuka da ɗorawa na tsaye a tsakiyar gonaki, kowace da mai ita. Ba ka yin nisa ba ka hangi rumbuna da hasumiyar masallaci ba. Inda mutane suka cika haka, rabon iyaka ba wasa ba ne.

Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda zai je sayen tunkiya, ya ce yana saurayi harkar ƙauye duk ta En'e ce: mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fadar Sarki. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, shi ya sa Madakin Kano ke Dawakin Tofa, Sarkin Bai ke Dambatta, dukansu kuma cikin masu zaɓen Sarki. Gyaran 1976 ne ya raba sarakuna da mulkin kai tsaye, ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Najeriya. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Na ce, "Baba, to yanzu wa ke mulkin ku?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in iyakar gona ce, dagaci. In takardar shaida ce, sakatariya. In ruwa ne, sai dai Allah."

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, babu jihar da ta kai ta a cikin 774 na ƙasar nan. Wannan kuwa bayan an yanke Jigawa a 1991, wadda take da 27. Duk lokacin da sojoji suka ƙirƙiro sababbi, har zuwa zagayen ƙarshe na 1996 a zamanin Abacha, hujjar ɗaya ce: a kawo gwamnati kusa da talaka. Ta fuskar tafiya kam an kawo ta. Mutumin Tofa ko Makoɗa ko Bagwai yana iya zuwa sakatariya a babur ya koma gida kafin azahar.

A Dambatta kara ta cika maƙil: shanu, tumaki, awaki, dillalai na tafa hannu, masu yankan rasit na bin motoci. Kasuwa da tasha na cikin ayyukan da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma, tare da maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, ƙananan hanyoyi, da sa hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi. Wato duk abin da ya fi shafar manomi. Sai dai kuɗin rasit ba ya gina aji. Abin dogaro shi ne kason wata-wata daga Abuja, shi kuma sashe na 162 ya ce ya biyo ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda linzaminsa ke hannun gwamna.

Da la'asar na hau babur zuwa wani ƙauye da ke nesa da kwalta. Yashi ya riƙe mu har sai da na sauka na taka. Na tarar da dagaci a zaure yana sauraron wasu 'yan'uwa biyu kan gonar gado. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe." Ya ce, "Malam, sannu da hanya," ya sa aka kawo fura. Ba shi da kasafin kuɗi, ba shi da ɗan sanda, amma kafin magariba magana ta mutu. Famfon tuƙa-tuƙan da ke bakin masallaci kuwa, matasa suka ce karo-karo suka yi suka gyara. Kansilansu ɗan garin ne, suna sallah sahu ɗaya. In sun matsa masa sai ya ce ciyaman ya ce a jira, ciyaman kuma yana jiran Kano.

Wasu a kasuwa sun ce maganin abin a ƙara yawan ƙananan hukumomi. Ƙasar Lukzambur ta Turai, da ba ta kai mutum dubu 700 ba, tana da 100. Kano kuwa, da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 9.4, kowace ɗaya na ɗauke da sama da dubu 200 a matsakaici. Amma Denmak rage nata ta yi a 2007, daga 271 zuwa 98, kuma su ke tafiyar da makarantu da kula da tsofaffi da harajin da suke yankawa da kansu. Ashe ba a adadi maganar take ba, a wanda ke riƙe da jaka take.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a gurbin zaɓaɓɓu. A 26 ga Oktoba na shekarar aka yi zaɓe a Kano, jam'iyyar NNPP mai mulkin jiha a lokacin ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 baki ɗaya. Haka abin yake a galibin jihohi, kowace jam'iyya ce ke gidan gwamnati. Ciyaman da ya san wanda ya ɗora shi, da wuya ya ɗaga murya kan kuɗi.

Hukuncin kotu kaɗai ba zai zuba tsakuwa a hanyar ƙauye ba. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata. Ƙungiyoyin ci gaban gari, malaman makaranta da matasa masu waya a hannu su nemo adadin, su karanta shi a zauren dagaci, sannan su tambayi kansila da ciyaman inda aka kashe shi.