Barmu: Zobban Da Ke Cikin Gonakin Adar

Duk wanda ya bar birnin Tawa cikin watan Agusta ya nufi arewa maso gabas, wajen Barmu, zai ratsa ƙasa iri uku: fako mai jan dutse, jigawa mai rairayi, da kwari inda ruwa yake kwanciya. Barmu gari ne na kasuwa, mahaɗar Adarawa manoma da Buzaye da Fulani makiyaya, kuma ba shi da nisa da iyakar noma ta arewa wadda dokar shekarar 1961 ta shata. A irin wannan wuri kowace zangarniya da lissafinta.

Idan matafiyi ya hau tudu ya dubi gonaki, zai lura hatsin bai tashi bai ɗaya ba. Ga wani wuri kewayayye kamar faifai, karansa kore shar, ya ɗara mutum tsawo. Taku kaɗan daga nan kuma ga wani zobe inda shuka ta tsumbure ko ta ƙone. Baƙo yakan tambaya: wa ya zana wannan? Amsa mafi saurin zuwa baki ita ce iskoki, domin tun kaka da kakanni ana cewa aljanu ne ke tafiya cikin guguwa.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan zato ba. A kudancin Ingila an yi shekaru ana wayar gari a tarar da alkama a kwance, an yi da'ira da ita tsaf. Jaridu suka cika, masu bincike suka yi ta awo, wasu suka ce baƙi ne daga sararin samaniya. A watan Satumba na 1991 sai wasu dattawa biyu, Doug Bower da Dave Chorley, suka fito suka ce aikinsu ne tun cikin shekarun 1970, da katako da igiya, cikin dare, don raha kawai.

Zobban Adar ba na raha ba ne, amma su ma ruwa ba ya tsami banza. Mai son sanin asalinsu sai ya shiga gonar, ya tsaya a tsakiyar zoben, ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

Sau da yawa abin da zai gani bisa kansa gawo ne. Wannan itace ya saba wa sauran: da damana yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa ya zama taki, jijiyarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, bisashe kuma su wuni a inuwarsa da rani suna cin ƴaƴansa suna zubar da kashi. Ko an sare shi, zoben albarkarsa yakan jima a gonar kafin ya ɓace.

Wani zoben kuwa tsohon suri ne da ya rushe, inda gara ta haƙo yumɓu daga ƙarƙashin ƙasa. Wani makwancin garke ne, wurin da makiyayi ya zaunar da shanunsa bayan girbi bisa yarjejeniya da mai gona, shi ya ci kara, gona ta ci taki. Inda shuka ta tsumbure, a duba gindinta: watakila ƙuduji ne, mai jan fure, wanda ke manne wa jijiyar hatsi yana tsotse ta. Inda ta ƙone a kewaye dare ɗaya bayan hadari, aradu takan bar irin wannan tabo.

Sai dai zobban da suka fi yawa a jahar Tawa yanzu, hannun ɗan Adam ne ya haƙa su, da rana tsaka, da diga da shebur. Bayan farin 1973 da na 1984, aikin raya karkara na Kaita, wanda ya soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, ya sa dubban mutane, akasarinsu mata, aikin tare ruwa a kan duwatsu da fako, yayin da maza da dama suka tafi biɗa. A 1989 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo da dabarar tassa: ɗan rami mai faɗin kamar taƙi ɗaya, a zuba masa taki tun da rani, gara ta huda ƙasa, ruwan farko ya tsaya ya nutse. Ƴar'uwarta ita ce rabin-wata, mai faɗin kimanin mita 4, bakinta yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa; hekta guda takan ɗauki wajen 300. A yankin Illela, fakon da a da ba mai ɗaga kai ya dube shi ya zama abin saye da sayarwa.

A nan ne zancen ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, domin su ne masu kuɗin sayen gona. Wanda ya sayi fili ya sa aka sare gawon da ke ciki don galmar tarakta ta wuce, ko ya kori makiyayi bayan girbi, ya goge zoben da ke cika rumbu ke nan, kuma ba buhun takin zamani da zai mayar da shi cikin damana ɗaya. Wanda kuma ya saye fakon talaka da arha don ya san sirrin tassa, ya tuna wannan fakon shi ne abin da ya rage wa ƴaƴan mai shi.

Da la'asar, idan rana ta karkata kan jigayin Barmu, zobban sukan fito fili, kowane da tarihinsa: nan itace ya tsaya, nan garke ya kwana, nan wata baiwar Allah ta sha rana tana haƙa. Manomin Adar ya iya karanta su tun yana yaro. Saura masu takarda su koya. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.