Ni Na Kawo Shi Fada

A wani gidan bidiyo na Zangon Damagaram na fara ganin Donnie Brasco, fim ɗin Amurka na 1997. Dala goma aka shiga, murya cikin Faransanci, rabin maganar ma ƙarar janareto ta cinye. Johnny Depp ne ɗan sandan FBI da ya sauya suna ya shige cikin ƴan mafiyar New York. Al Pacino kuma Lefty, tsohon ɗan ta'addan da ya tsaya masa, ya kai shi gidansa ya ci abinci da iyalinsa. Labarin gaskiya ne: Joseph Pistone ya yi wajen shekara shida a cikinsu, har 1981.

Lokacin duk ɗakin ɗan sandan muke yi wa tafi. Ni ma haka.

Bara na sake kallonsa a waya, ni kaɗai, kuma ban iya kai shi ƙarshe a zama guda ba. Dalili, akwai wani da na haɗu da shi a tasha, mai fara'a, ba ya rowar sukari. Ni na kawo shi fadarmu. Wata huɗu yana shan shayi da mu, ya san wanda ke bin wata yarinya, ya san wanda ya faɗi BEPC sau biyu. Ya kuma san inda abokina ke ajiye jarkokin ruwa-ruwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda da shi yake ciyar da uwarsa da ƙanne biyar. Wata asuba aka zo aka kwashe. Baƙon nan ba mu sake ganin ƙeyarsa ba.

To, wallahi ba na cewa fasa-ƙwauri daidai ne. Kowa ya ga yadda man nan ke cin gida in wuta ta kama. Wataƙila mutumin aikinsa ya yi, kamar Pistone. Amma yanzu idona a kan Lefty yake, wurin da aka kira shi, ya cire zobe da agogo ya zuba cikin durowa, ya bar ta a buɗe don matarsa ta gani. A zahiri ma ba shi aka kashe ba, Sonny Black ne, wani da ya yarda da baƙon.

Ni ba wanda ya taɓa ni. Abokina yana amsa sallamata, yana miƙo mini kofi. Sai dai in na zauna, hira takan koma ta ƙwallo.