Kaskon Inna

Duk wanda ya san ni a Maradi ya san idan hunturu ya kama, ranar Lahadi ba a samuna a gida. Da na idar da sallar asuba nake rataya madubin hangen nesa, in hau babur sai tafkin Madarunfa, kudu da gari. A watan Janairu tafkin cike yake da baƙi. Akwai ƙananan agwagi da ke tasowa tun daga Turai da Rasha su ƙetare Sahara, akwai masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka a bakin ruwa, ga kuma 'yan gida, su kirinjijiya da balbela, da zalɓe tsaye ƙiƙam kamar mai jiran bashi. A tsakiyar watan ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, tun daga 1967, don a lokacin baƙin sun yi zaune, ba su fara haramar komawa ba.

Da Maris ya raba, sai kasuwa ta watse. Baƙi sun koma arewa yin ƙwai, shamuwa kuma ba ta dawo daga gabashi da kudancin Afirka ba, sai an fara jin ƙamshin damina. Tsakanin nan bazara ce zalla, ruwan tafki ya ja baya, rana ta ƙwalle. Shekara da shekaru abin da nake yi shi ne in kulle madubina cikin akwati. Wanda ya buɗe littattafan da nake rubuta abin da na gani zai tarar daga ƙarshen Maris sai tsakiyar Mayu, ba ko layi ɗaya.

Wata bazara Inna ta faɗi a makewayi ta karye a ƙugu. Da aka sallamo ta daga asibiti, ni nake zama da ita daga azahar zuwa magariba, a gindin dogon yaron tsakar gida. Akwai wani tsohon kasko da take zuba wa tsuntsaye ruwa tun muna yara. Tana kwance tana fama da kanta, amma kullum sai ta tambaya ko an cika shi. Sadaka ce, in ji ta, su ba su da bakin roƙo.

Rashin abin yi ne ya sa na fara kallon kaskon. Da tsakar rana tsuntsaye kan lafe a inuwa, baki buɗe, fukafukai a sake, suna haki, domin tsuntsu ba ya zufa. Sai la'asar ta yi sanyi su sauko. Kurciya kan tsoma baki ta zuƙa a tafi ɗaya, sauran kuwa sai sun ɗiba sun ɗaga kai sama kafin ruwan ya wuce. Baiwar Allah, 'yar mitsitsiya ja, ba ta ko tsoron ƙafar Inna. Wasu masu launin ƙasa da na daɗe ina yi wa kallon banza ashe marai ne, mazan sun tuɓe rawayar rigar damina sun koma kama da matansu. Zalaidu ma haka, doguwar wutsiyar da yake taƙama da ita ta zube, in ba ka ƙura ido ba ba ka shaida shi. Na ji kunya ƙwarai. Ni da ke gane agwagwar Rasha daga nesa, na gidanmu sun canza kaya kawai sun ɓace mini.

Wata ranar Alhamis, Inna na kallon sama, ta ce, "Auta, kai da ke rubuta tsuntsaye, yaushe rabonka da ungulu?"

Na ce, "Ai suna nan, Inna."

Ta ce, "Ina?"

Da dare na zazzage akwati. Littafi tara, ban sami ungulu ko sau ɗaya ba. Ba wai don babu ita a shekarun farko ba, don dai ban ɗauke ta abin ɓata tawada ba ne. Muna yara jere suke kan rufin mahauta, sai mahauci ya kore su da sanda. Safiya uku a jere na je wajen, hankaka kawai na tarar. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Gubar da ake sa wa mushe na kashe su da yawa a lokaci guda, ana farautarsu a sayar da kai da ƙafafu ga masu magani, ana kuma sare dogayen itatuwan da suke sheƙa. Duk na karanta wannan tuntuni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a garinmu abin ya faru, ina riƙe da alƙalami, amma shekarar da suka fara raguwa ba ta cikin littafina, don idona na kan baƙi.

Na koma na gaya wa Inna ban gani ba. Ba ta ce komai ba, ta dai sa in ƙara ruwa a kasko.

Inna ba ta sake takawa ba, Allah ya karɓi abarsa bayan kaka. Allah ya jiƙanta. Kaskon ya dawo hannuna, kuma yanzu shafukan bazara sun fi na Janairu cika, ko da yake abu guda ake ta maimaitawa: kurciya shida, marai goma sha ɗaya, baiwar Allah biyu. Duk ranar Juma'a da safe nakan biya ta mahauta in tsaya rabin sa'a, mahauta har sun daina yi mini dariya. A ƙasan shafi in rubuta: ungulu, babu. Shekaranjiya da yamma shamuwa biyu suka sauka kan tsamiyar bayan masallacinmu, ɗaya da kara a baki. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce gobe zai fito da irin gero.