Tafkin Cadi: iyaka a kan ruwa mai tafiya

Duk wanda ya sauka Gigimi, a ƙuryar gabashin Nijar, zai tarar da dattawa suna nuna masa inda jirage suke tsayawa a da. Yau rairayi ne da ƙaya. A shekarun 1960 faɗin Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi, masunta kuwa suka naɗe komarsu suka bi shi: Buduma, Barebari, Hausawa, kowa da kwale-kwalensa.

Nan ne tushen rigimar. Masunci yana bin tarwaɗa da karfasa, bai san inda layin Turawa ya ratsa ba. Tsibiri ya tsiro bana, a kafa bukkoki da wurin banda, baɗi mai kaki ya zo karɓar haraji da tutar ƙasarsa. A 1983 sojojin Cadi da na Najeriya suka gwabza kan irin waɗannan tsibirai, aka yi asarar rayuka. Sai Hukumar Tafkin Cadi, wadda Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru suka kafa a 1964, ta sa aka auna iyaka aka kafa alamu daga 1988 zuwa 1990.

Duk da haka maganar Darak, a kudancin tafkin, ba ta mutu ba. Masuntan Najeriya sun cika garin, hukumominsu suka biyo su, alhali a takarda ƙasar Kamaru ce. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994. Ran 10 ga Oktoba 2002 alƙalai suka dogara da yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1931, suka ba ta gaskiya; a Disamba 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 ba tare da an harba bindiga ba. Wannan abin yabo ne.

Sai dai, jama'a, kotu ƙasa ta raba, ba ta faɗi wa za a biya kuɗin su ba. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar buhunan banda daga Boso zuwa Maiduguri ya fi kowa sanin yawan hannuwan da ake miƙo masa. A ganina, takardar izini guda wadda ƙasashen huɗu za su amince da ita ta fi wa masunci amfani a kan sabon ginshiƙin siminti cikin taɓo.