Jakar Mai Keke

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce an cire tallafin man fetur, magidanta da yawa a nan Tsanyawa suka jingine babura a zaure suka koma kan keke. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 sai ga ta ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, to ina malamin firamare zai iya? Tsofaffin Raleigh da Phoenix da suka shekara a rataye duk aka sauko da su aka kai wa mai gyara. Maigidana ma yana cikinsu, domin kullum sai ya tafi koyarwa can wajen Dumbulum, ya dawo bayan azahar.

Keke dai ba ya shan mai, amma fa ba ya son kaya barkatai. Kuma 'yar'uwa in kin lura, shirya kayan nan a wuyanmu yake. Ke ce mai zuba abinci a kwano, ke ce mai wanke rigar in ta dawo da miya a jiki. Shi ya sa a ganina zaɓen jaka ba abin da za a bar wa namiji shi kaɗai ba ne, don shi duk abin da hannunsa ya kai kai shi zai ɗauka, ko da leda ce.

Dubi abin da nawa yake fita da shi: littattafan darasi, takardun yara da ya duba da dare, kwanon abinci, gorar ruwa, sai famfo da sifana da kayan faci, saboda hanyar gona ba ta rabo da ƙaya. In aka tara wannan a leda ko bakko aka rataya a kan keke, kowane rami sai ta yi lilo, wata rana kuwa ta faɗa cikin tayar gaba. Allah Ya kiyaye, wannan faɗuwar ba ta da kyau. Ita kuma Ghana-must-go, wadda ta samo sunanta a 1983 lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, ta tafiyar mota ce. A bayan keke faɗi take yi, zif ɗinta kuma ba ya daɗewa.

Yawanci abin da mata ke sayo wa mazansu shi ne jakar goyo, irin ta gwanjo da ake samu a Ƙofar Wambai. Tana da kyan gani, ban musa ba, kuma ga yaro ɗan makaranta mai littafi huɗu ba laifi. Amma ki goya wa babban mutum kaya mai nauyi a zafin watan Afrilu ki gani. Kafin ya isa, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, ya shiga gaban ɗalibai da shatin gumi, da dare kuma ki sha jin wayyo bayana. Alhali ga kariya nan a bayan keken ba ta ɗauke da komai!

Ni wallahi wurin masu jakuna na ga mafita. Duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta san mangala, yadda da rani ake kai taki gona, rabi a dama rabi a hagu, jaki yana tafiya abinsa ba ya karkata. Mutanen Holan ma, da keke ya zame musu kamar ƙafa, irin wannan jakar mai aljihu biyu suke ɗora wa kariya. Don haka na sa aka sayo mini tamfol a Bichi, na zana wa tela yadda nake so.

A nan ne fa sai kin tsaya a kansa, don tela bai san keke ba. Ɓangaren da ke kallon taya a sa masa wani abu mai tauri a ciki, ko da katako ne marar kauri, don kada jakar ta lanƙwasa ta shiga taya. Kada ta yi tsawo ta gaba, in ba haka ba diddigensa zai riƙa bugunta duk juyin feda. Ni na hana a sa zif, ƙurar hunturu cinye shi take yi, marfi na sa aka yi mai faɗowa da maɗauri. Aka kuma ɗinka ƙyalle mai sheƙi a baya, saboda wani lokacin magariba kan riske shi a titin Kano zuwa Katsina, ga manyan motoci. Sannan a ɗaure ta tam da robar tsohon tayar keke.

Wajen shiryawa, takardu gefe guda, abinci da ruwa da ƙarafa ɗaya gefen, ki ɗaga ki ji nauyin ya zo ɗaya. Tamfol ko ya kai ina ruwan Agusta yakan bi ta ɗinki, saboda haka takardun yaran mutane sai sun shiga leda tukuna. Abinci kuwa na daina ba shi mai miya ranar aiki. Dambu ne ko wake da shinkafa, mai da yaji a 'yar kwalba daban, tuwonsa yana jiransa in ya dawo.